Sakan Tara na Ruƙayya

Litinin, 7 ga Afrilu
Alhamdu lillahi, diski huɗun nan na SSD sun zauna cikin ordinatar lakwal, wato kwamfutar makarantar da nake koyarwa. Na raba su biyu-biyu, kashi ɗaya da tsarin ajiya ext4, ɗayan XFS. Tambayar da za mu kai gasar Maraɗi ran 19: wane tsari ya fi saurin buɗo fayil? Yara sai murna. Ni ma haka.

Talata, 8 ga Afrilu
Na auna da kaina da montur, wato agogo, da bidiyon darasi guda. Da safe ext4, sakan tara. Bayan azahar XFS, sha shida. Magana ta ƙare, na rubuta a tablo.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ruƙayya Jatau, wadda na zaɓa ta yi mana bayani a Maraɗi, ta kawo nata awon a juye: XFS tara, ext4 sha biyar. Na ce ƙirƙirowa ta yi, a gaban kowa. Ta ce, "Wallahi, Mushe, abin da montur ta nuna ke nan." (Mushe suke ce wa malami a lakwal.) Ɗanladi, ɗan ajinsu, ya ce ai ɗiyar masunta ce, da sikelin kifi ta auna. Aka yi dariya, ban hana ba. Na ba Ɗanladi gurbinta.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na sake aunawa da rana tsaka don in rufe bakin kowa. Duka biyun sha shida! To ina taran ta tafi? Na canza wayar diskin. Sha bakwai. Ban gane ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ko fayil ne? Ko kuran, wutar lantarki? Ko ni?

Talata, 15 ga Afrilu
Na dafa akwatin ordinatar wajen ƙarfe biyu, na janye hannu kamar na taɓa murfin tukunya. Ashe in diski ya ji zafi, shi da kansa yake rage gudu. Na karanta wannan tun ina Yamai, na manta. Kenan wanda aka auna da safe shi ke cin nasara. Ruƙayya da XFS ta fara, ni da ext4. Zafin bazara muka auna, mu duka.

Laraba, 16 ga Afrilu
Da sassafe, a jere: tara, da tara da rabi. Na sake, suka juya. Har yanzu ban san gwani ba.
Da la'asar na je gidan su Ruƙayya. Na tarar da ita a zaure tana taya babanta gyaran raga. Na yi ta zagaye-zagaye kan zafi. Ta bari na gama, ta ce, "Mushe, ai ba a zaure ka ce na yi ƙarya ba."

Alhamis, 17 ga Afrilu
Na faɗa a aji cewa ba ƙarya ta yi ba. Bai kai minti ɗaya ba.
Ita za ta yi bayani jibi. Ta ce a ɗauko mata duk awon, har da nawa na kuskure.