Ƙofar da Ustaz Fadl Ya Buɗe

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2014
Ustaz Fadl, mai kamfaninmu na neman gidajen haya, ya tara mu a ofis a unguwar Mohandessin. Ya ce zai buɗe wa masu ƙera manhaja na waje ƙofa, abin da suke kira API, su riƙa ɗibar bayanan gidajenmu suna nunawa a nasu shafukan. Wai ta haka kamfani yake girma. Ƙasidun kwamfuta da na saya a kasuwar littattafai ta Azbakiyya, waɗanda da su na koyi aikin nan, babu wadda ta ce a bar ƙofa a buɗe.

Ni ne nake zuwa kowane gida da ƙafata. Ina hawa har bene na ƙarshe da tsakar rana, lokacin da ruwa ya fi rauni, in murɗa famfo. Sai ya zubo nake rubuta "Ukasha ya gani", tare da kwanan wata. Sunana ne za su ɗiba.

Talata, 4 ga Maris
Masu shiga shafinmu sun ninka. An sayo sababbin kujeru. Na ga sunana a wani shafi kusa da tallar maganin ƙiba. Tir.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Wani daga cikin masu manhajar wajen ya cire kwanan watan a shafinsa, wai yana cika fuskar waya. Na nuna wa Fadl. Ya ce mini, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Ustaz, kasuwa ce." Ya ci gaba da shan shayinsa.

Litinin, 5 ga Mayu
Hajiya Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai sayar da turare, ta zo ofis. Ta kama gida a unguwar Arba wa Nus, bene na biyar, saboda ta ga sunana a shafin nan da aka cire kwanan wata. Dubawar ta bara ce. Injin tura ruwan ya mutu tun hunturu. Da jarka take hawa, ga ciwon gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, an ce in kai ka gani, ya ganu."

Laraba, 7 ga Mayu
Na gaya wa Fadl ko ya rufe ƙofar ko ya cire sunana. Ya ce khalas, shi ke nan, in yi tunani, abin da na zaɓa shi zai yi.

Lahadi, 18 ga Mayu
Duk gidajen da na duba an kama su, ban samar wa Hajiya wani gidan ba. Wata Mahasin, ita ma daga cikin 'yan wajen, ta haɗa bayananmu da saƙon waya: masu haya da kansu suke aiko labarin ruwan gininsu. Ban so in duba ba. Na duba. Akwai gida mai ruwa, bene na ɗaya, a wani layi da ban taɓa takawa ba.

Talata, 3 ga Yuni
Hajiya ta tare a gidan. Ta aiko mini da turaren wuta.

Fadl ya tambayi hukuncina. Na ce a ƙwace mabuɗin ƙofar daga hannun wanda ya cire kwanan wata, kuma a rubuta sharaɗi a kan haka, ni zan tsara kalmominsa. Ya ce, "Ƙofar fa?" Ban ce a rufe ba. Na ce shayinsa yana hucewa.

Har yanzu abin bai kwanta mini ba. Na dai karɓi lambar Mahasin, domin akwai gyare-gyaren da ya kamata ta yi.