Na Wanke Kwalabe da Toka

Litinin, 1 ga Yuli
Yau na fara aiki wurin tara madara a Batsari. Malam Armaya'u, mai gwaji, ya ce sai an auna tsamin kowace madara kafin ta shiga tanki. Ni da a ƙauyenmu Yasore ɗanɗanawa kawai muke.

Laraba, 3 ga Yuli
Ana zuba madara a 'yar kwalba, a sa mata maganin launi. Sai a riƙa sakin ruwan soda daga dogon bututun gilashi, ɗigo-ɗigo, ana kaɗawa. Soda na kashe tsami. In tsamin ya ƙare, madara ta yi ruwan hoda, a tsaya a duba layin bututu. Wadda ta sha soda da yawa ta yi tsami, a mayar wa mai ita. Na ce na gane. Ban gane ba. Hannuna sai rawa.

Asabar, 6 ga Yuli
Na ga kwalabe da maiƙo, na goge su da toka yadda Inna ke wa tukunya. Don a yaba min. Yau madarar kowa ta wuce gwaji.

Lahadi, 7 ga Yuli
Tanki duk ya tsinke. Madarar matan da ke kawo mana duka.
Malam ya shafa cikin kwalba, ya duba yatsansa. "Mahfuza, mi ake sa wa miyar yakuwa in ta yi tsami?" Na ce kanwa, ko ruwan toka. Ina faɗi na gane. Tokata ta riga soda kashe tsamin, gwaji ya yi ƙarya.
Ya ce in aka sake, in koma Yasore. Da mi zan kalli Baffa?

Talata, 9 ga Yuli
Mata na kirana Uwar Toka. Ko tuwo ban ci ba.

Alhamis, 18 ga Yuli
Goggo Kande, ƙanwar Baffa, ta kawo madararta, babur ya makara da ita. Malam ya fita. Soda na ta sauka, madara fara fat, har sodar ta wuce layin da ake mayar da madara. Murhun mai shayi na bakin ƙofa, toka cike. Na kalle shi, ba zan ɓoye ba.
Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, sai dai a yi kindirmo da ita."
"Ke? Da nonon shanun nan kika yi ƙashi!"
Ta tafi ba sallama. Na yi kuka bayan tanki.
Hannuna dai bai yi rawa ba wurin gwajin. Ƙila gajiya ce.