Takardar Sauya Sunan Yalwa

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya abokan ɗakinki? Mu nan lafiya lau, sai babanki da ke ta mitar gwiwarsa.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce kina so ki sauya suna kafin a buga takardar kammala karatunki, wai Yalwa sunan tsofaffi ne, in malami ya kira shi har waiwaye ake yi. To kin dace, uwarki shekara ashirin da huɗu tana kan teburin rajistar haihuwa. Ga takardar sauya suna nan na haɗo miki. Amma ki saurare ni tukuna.

Ma'anarsa ba sai an tambayi masani ba: wadata, abin da ya ishe ka har ka miƙa wa wani. Kullum ina ce miki sunan wata 'yar'uwa kika ci. Ba haka ba ne, kunya ce ta rufe mini baki. Cikinki na wata takwas naƙuda ta kama ni a ofis, a ɗakin ajiyar fayiloli. Maza duk suka watse neman mota. Mai sharar ofis ce ta yar da tsintsiya, ta shimfiɗa mayafinta tsakanin kantoci, ta karɓe ki. Kin fito cibiya naɗe a wuya, ko motsi babu. Ta warware, ta kifa ki a tafin hannunta tana murza bayanki, har kika tsala kuka. Sunanta Yalwa.

Labari ya bi unguwa. Jiya na sauko da tsofaffin littattafan rajista na duba. Shekara goma kafin ke babu Yalwa ko ɗaya. Daga kanki zuwa yau arba'in da uku, kuma duk da hannuna na rubuta su. Yanzu ta tsufa, idanun sun tafi. Duk ranar da na leƙa ta sai ta sa na lissafo mata takwarorinta, da ke nake farawa.

Sunanki ne, ba zan hana ki ba. In kin cike, ni zan buga hatimi. Zai yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ke za ki je ki gaya mata da bakinki.

Ki gaishe da abokan ɗakinki.

Taki,
Mamanki

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Babanki ya samu sauƙi, har ya fara yawon da ya saba.

Takardar ta dawo. Na ga gurbin tsohon suna kin rubuta Yalwa, gurbin sabon suna ma Yalwa, da manyan baƙaƙe. Ja'ira, kin ɓata mana takardar ofis a banza. Duk da haka na buga mata hatimi.

Bayan an tashi aiki na kai wa tsohuwar, na ba ta labarin duka, har da waiwayen 'yan ajinku. Ta yi dariya, ta ce ita ma tana yarinya ba ta son sunan. Ta lalubi takardar, ta ninke, ta sa ƙarƙashin matashinta. Sannan ta ce in lissafo mata kamar kullum.

Shekara da shekaru ina jero mata su ba tuntuɓe. Ranar ban iya wuce ta farko ba, kuka ya ci ƙarfina.

In hutu ya zo, gidanta za ki fara sauka.

Taki har kullum,
Mamanki