Na Nuna Wa Mijin Ƙanwar Matata Ɗorawar Da Ba Ita Ba

Gaisuwa gare ku masu kula da wannan shafi da duk mai karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku kai ƙarshe tukuna, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Zuru. Da golmo na auri matata, wato shekara bakwai ina noma gonar mahaifinta kafin a ba ni ita. Shekara bakwai fa. Babu lungun gonar nan da gumina bai ɗiga ba. Sai ga ƙanwarta ta kawo wani malamin makaranta daga Rikoto, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, Baba, wato surukin nawa, ya ce zamani ya canza, cikin wata shida aka ba shi ita. Amma tun daga nan, in an yi baƙi shi ake kira ya zauna kusa da Baba, ni kuwa a ce in je in kamo akuya. A wurin biki "surukina malam" ake nunawa. To ni mene ne? Jakin gidan?

Bara Baba ya kwanta ciwo, idonsa ma ya tafi, sai maƙwabcin gona ya tayar da rigimar iyaka. Baba ba shi da ɗa namiji, na ɗauka ni za a tura gaban hakimi. Sai na ji ya ce, "Malam ya je, shi ya iya magana a gaban manya." Wallahi ranar ko tuwo ban ci ba.

Washegari malam ya zo a kan babur ya ce, "Yaya, kai ka san gonar nan, zo ka nuna mini iyakar." Ɗorawa biyu ce ta gabashin gonar. Ta bakin rafi ita ce iyaka, ta tudu kuwa inuwarta kawai muke sha. Na kai shi wurin ta tudu na dafa ta. Ya ce, "Ka tabbata, Yaya?" Na ce, "Ni za ka tambaya?"

Nufina ya yi kuskure a bainar jama'a, in miƙe in gyara, kowa ya ga wanda ya san gonar. Amma ranar zaman gaban hakimi, yana nuna ɗorawar, maƙwabcin ya yi wuf ya ce ya yarda, dattawa suka sa albarka. Na buɗe baki, sai na ga hakimi ya dafa kafaɗar malam yana yabonsa, na rufe bakina. Haka fadamar da ke tsakanin bishiyoyin biyu, inda Baba ke noman shinkafa tun kafin a haifi matata, ta tafi.

Da Baba ya ji, ya hana malam taka gidansa, matar malam kuma kullum tana wurin tawa tana kuka. Abin da ya fi kashe ni, malam bai faɗa wa kowa ni na nuna masa ba. Mun haɗu a kasuwa, ya gaishe ni ya ce, "Yaya, ƙila ni ne ban gane bishiyar da ka dafa ba." Kunya ta hana ni kallon idonsa.

Yanzu hakimi ya ce in akwai mai shaida kafin a kafa dutsen iyaka ranar Asabar, zai sake sauraro. In na faɗi gaskiya za a tambaye ni me ya rufe mini baki ranar, ga malam a tsaye. Jiya Baba ya lalubo hannuna ya ce, "Da kai na tura da ban rasa fadamar nan ba. Kai ne ɗana." Shekara ashirin nake jiran wannan kalmar. Kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu in na tuna za a wanke malam, ƙirjina zafi yake yi.

Asabar saura kwana uku. Jama'a, me zan yi da bakin nan nawa?