Tankin da Bai Huce Ba

Auta,

"Yaya, da hannuna zan cika tankin iskar nan in sauke shi sau goma, ba zan rubuta lambar da idona bai gani ba." Haka ka ce mini a ƙofar ɗakin gwaji ranar da na ba ka makulli. Gaisuwar ka karɓa a taƙaice, ina fatan kana lafiya.

Na karanta babi na huɗu na kundin digirinka, wanda kake so in sa hannu a matsayina na shugabar ɗakin cewa a wurina ka yi awon. Lissafinka ya ɗauka zafin iska ba ya canzawa. To, lissafi ne, ana yi masa uzuri. Abin da ya hana ni sakat shi ne awon ma ya bi shi sau da ƙafa. Ka rubuta cewa ka rufe bawul ɗin da ke tare iskar, geji mai auna matsinta yana kan takwas, bayan rabin awa yana nan a takwas, har sau goma.

Shekarata ashirin da tankin nan. In aka ɗura masa iska jikinsa ɗumi yake yi, in ya huce allurar geji ta ja baya. Mai facin bakin titinmu ma ya san wannan. Kai kaɗai tankin ya ji kunyarka? Faɗa mini abin da hannunka ya ji.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya Babba,

Barka da aiki, ya yara? Kin fara binciken naki na 'yan sanda, ni da na ɗauka yabo zan sha. Ɗumin ai na ji shi, mantawa na yi ban rubuta ba. Allurar kuwa wataƙila makalewa take yi, kin san gejin ya tsufa. Wajen saukewa ma bututun fitar iskar sai da ya kusa ƙona ni, da tsumma na riƙe shi.

Don Allah ki sa hannun, sati mai zuwa zan kare kundin. Mama har ta ɗinka kayan da za ta sa.

Ƙaninki mai biyayya

*

Auta,

Yara lafiya. Na gode da labarin tsumman.

Iska in tana fita daga tanki sanyi take yi. Bututun nan raɓa yake tsatsafowa, yatsa ya ƙage a kansa. Da ka taɓa buɗe bawul ɗin ko sau ɗaya, da ba ka yi mini wannan ƙaryar ba, da wata ka nemo. Jiya na sa an gwada gejin, lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin zafin da na ajiye maka kuma yana cikin durowa, ko ledarsa ba a yage ba.

Kuma kada ka sake jawo mini Mama cikin wannan magana.

Ranar Alhamis ƙarfe tara na safe zan kunna kwampreson da ke ɗura wa tankin iska. Ka zo da biro da sabon littafi mu yi awon goman nan, ko da kundin zai ƙara wata uku. In tara da rabi ta yi ban gan ka ba, zan kai wa malamin da ke duba aikinka babin da wasiƙarka, daga can in wuce gida in gaya wa Mama da bakina ta ninke kayanta.

Allah ya kai mu.
Yayarka