Na Sari Saiwar Wisteriya

Lahadi, 20 ga Oktoba 2013, Beltsville

Yau na sari saiwar wisteriyar nan, shukar fure mai hawa danga, da shebur, har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Tun da muka tare nake mata hidima kamar gonar dawa, taki da ban ruwa. Ganye ya rufe danga, amma babu fure ko ɗaya. Hadiza ta ce in bazara ta wuce haka, za ta tuge ta ta shuka yakuwa. "Baban Ummi, ganyen da ba a miya da shi, ina amfaninsa?"

Mai sayar da shuke-shuke ya ce gata ne ya yi mata yawa, in datse saiwar. Ina cikin sara na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da mangwaronmu na Zariya da ya ƙi 'ya'ya. Ya sassare bawonsa da adda yana faɗa: "Sai ci da ƙiba, ko kunya babu!" Muna bayan Inna muna dariya. Da shekara ta zagayo har maƙwabta sun sha.

Ban ankara ba na ji ina wannan faɗan, da muryarsa. Ummi ta leƙo ta tambaye ni da Turanci da wa nake magana. Na ce da kakanta.

Baba ya san inda adda ke tsayawa, ni ban taɓa tambayarsa ba. Wataƙila na zarce. Na roƙi Hadiza ta ƙara wa wisteriyar shekara guda. Ta ce yakuwa ai ko a bokiti tana yi.