Kabarin Malam Yana Bakin Gonar Dawa a Sahuda

Zuwa ga Alhaji Sa'idu, shugaban ƙungiyar taimakon al'umma ta unguwarmu, wadda mutane suka fi sani da 'Yan Diga, tare da sauran shugabanni da dattawanta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku barka da shirin bikin cikar ƙungiya shekara ashirin da biyar. Katin gayyata ya iso hannuna. Na ga hoton mai gidana a jikinsa, an kuma gaya mini za a kira ni gaban jama'a a miƙa mini allon yabo da sunansa. Na gode. Amma ba zan iya zuwa ba, kuma dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Ni ce Hajara, matar marigayi Malam Umaru mai gyaran keke. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ga shi na rubuta, don kada wani ya ce bai gane wanda nake nufi ba. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Na fito da maganar fili ne saboda mace ba ta shiga taronku, kuma tsofaffin 'yan ƙungiya da gudun hijira ya watsa zuwa Yola da Gombe su ma ya kamata su ji.

Na farko, ina so in tuna muku mafarin wannan ƙungiya, domin a zaurenmu aka haife ta. Ba a jima da raba Gongola ba wani baƙo ɗan ci-rani ya rasu a tashar mota, gawarsa ta wuni ba a samu mai haƙa masa rami ba. Malam ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Washegari ya tara abokansa, masu facin taya da tela da kafinta, suka sayi diga da shebur. Daga haƙar kabari aka kai ga yashe lambatu kafin ruwa, da ba da jini a asibiti, da kwashe mutane idan kogi ya cika ya shiga gidaje. Ba a tambayar mamaci wane yare yake ji. In Kirista ne, a haƙa masa yadda mutanensa suke so. Ni kuwa aikina kunu ne. Duk ranar fita, da shi ake karyawa. Alhaji, kai ma ka sha shi, tun kana saurayi da wando ɗaya. Malam ne ya riƙe hannunka ya nuna maka yadda ake sare ƙaramin ramin ciki. Kullum maganarsa ita ce, "Sa'idu, in ramin bai kai maka ƙirji ba, ba ka gama ba."

Na biyu, kuna da wata al'ada da ba ni na ƙirƙiro ta ba. Kowace shekara, kafin ruwan farko, kuna zagaya kaburburan 'yan ƙungiya da suka rasu, ku ƙara musu ƙasa, ku jera dutse, ku yi addu'a. Gyaran damina kuke ce masa. Malam bai taɓa fashin sa ba, ko shekarar da ƙafarsa ta kumbura.

Na uku, ga yadda ya rasu, ga waɗanda ba su sani ba. Ranar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shigo Mubi, a ƙarshen watan Oktoba na 2014, mun bi jama'a hanyar Sahuda da ƙafa. Malam yana da hawan jini, maganinsa kuma ya rage a gida. Da rana ta take, muna cikin hawan dutse, ya ce in bar shi ya ɗan zauna. Ya zauna a gindin wata bishiya, ya jingina da kafaɗata, bai sake tashi ba. Mutane suna wucewa da yara a baya, ban ga laifin kowa ba. Wani dattijo manomi, Baba Yakubu, Bagude ne a ƙabila kuma Kirista, shi ya fito daga gonarsa ya tsaya a kaina. Da fartanya ya haƙa ramin, a bakin gonarsa ta dawa. Ya tare maza uku cikin masu gudu ya roƙe su suka yi masa salla. Farin mayafina ne likkafaninsa. Ƙasar duk tsakuwa ce, ana kuma jin harbi a bayanmu, ramin ko ƙugu bai kai ba. Baba Yakubu ya ce mini, "Yi haƙuri, 'yata, iya ƙarfina ke nan." Ya ɗora duwatsu a kai, na wuce.

Na huɗu, sau uku ina kawo wannan magana. Da muka dawo gari na zo gidanka, Alhaji, ka ce hanya ba ta yi kyau ba tukuna. Gaskiya ka faɗa, ban ja ba. Na kuma ga aikin da kuka yi a lokacin, kuna kwashe gawarwakin da aka bari a kan titi da tsumma a hanci. Allah ne kaɗai zai biya ku. Shekara ta zagayo na koma, ka ce za a sa maganar a taro. Bana na aika ƙanena, sai sakatare ya ce masa wai a tsarin ƙungiya gyaran damina na maƙabartar cikin gari ne kawai.

Wannan amsar ce ta hana ni sakat. Ban san wa ya rubuta tsarin ba, amma na san lokacin da Malam Isa kafinta, ɗan ƙungiya, ya rasu a garinsu aka binne shi a Duvu, Malam ya ɗaura diga a bayan keke ya tafi can gyaran damina, shekara da shekaru. Alhaji, kana cikin masu raka shi. Ashe Duvu tana cikin gari ne, Sahuda ce ba ta ciki?

Na biyar, kuma shi ne ya fi damuna. Damina biyu ta wuce a kan wannan kabari. Baba Yakubu ya aiko mini da saƙo ta bakin 'yarsa mai kawo gyaɗa kasuwa. Ya ce ruwan da ke gangarowa daga dutse ya yi hanya kusa da wurin, ya janye rabin duwatsun. Idonsa kuma ya fara mutuwa, ɗansa ne yake noman gonar yanzu da garmar shanu. Ta ce ya ce, "A gaya wa matar nan ta turo mutanenta tun ina iya nuna musu." Ni da kaina na je bara, na tsaya ina dube-dube, wallahi ban gane wurin ba sai da ya kama hannuna ya kai ni. A ranar da aka binne shi hankalina ba ya jikina. In wannan tsoho ya makance ko ya rasu, ba sauran mai cewa ga inda Malam yake. In kuma ruwan bana ya riga ku, ba na so in rubuta abin da zai iya fitowa fili.

Ni mace ce, ƙarfina ya ƙare, ɗanmu namiji kuwa tun yana ƙarami Allah ya karɓi abinsa. Malam ya sha ce mini kada in damu da rashin ɗa, 'Yan Diga su ne 'ya'yansa.

Don haka roƙona ga shi. Ku tura mutane Sahuda kafin ruwan farko, ba bayan biki ba. Ba na neman a tone shi a kawo gari, inda Allah ya ajiye shi nan ne makwancinsa. A ƙara masa ƙasa, a jera dutse, a karkatar da hanyar ruwan, a sa alamar da garma za ta kauce mata. A tafi da matasa, su ga wurin da idonsu, don ya shiga zagayen kowace shekara. Ku kuma tambaya, domin ba Malam kaɗai ya kwanta a wannan hanya ba. Allon yabon nan, in dole sai an ba wani, ku kai wa Baba Yakubu. Bai taɓa jin sunan ƙungiyarku ba, amma ran nan shi ya yi aikinta.

Ban rubuta don in kunyata ka ba, Alhaji. Malam yana ƙaunarka, ni ma ba ni da ɗan da ya wuce ka. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya raya wannan ƙungiya bayan ranmu, ya jiƙan iyayenku waɗanda Malam ya kwantar a kabari da hannunsa, ya zaunar mana da garinmu lafiya. Allah ya sa ranar da tamu ta zo mu samu masu tsayawa a kanmu.

Tsohuwar digar farko tana nan bayan ƙofar zaure, inda Malam ya jingine ta. Na sa an yi mata sabuwar ƙota. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ranar da za ku tafi, ku biyo ku ɗauka, za ku tarar na dama kunu.

Wassalam.

Taku,
Hajara, matar marigayi Malam Umaru mai gyaran keke,
Mubi.